Laftof ko allon zane, wanne za a fifita?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗinka ba za su ɗauki laftof mai ƙarfi da allon zane mai gilashi (wanda ake zane a kan fuskarsa kai tsaye) a lokaci guda ba. Zuba su a laftof: RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 16 GB, SSD (ma'adana mai sauri), da fuska nau'in IPS don kada kala ta yaudare ka. Ƙaramin allon zane na Wacom Intuos marar gilashi ya wadatar, manhajar zane ta Krita kuma kyauta ce.

Sai dai zafi. Nan Garwa ta Kamaru a Afrilu ana haura digiri 40. Laftof tawa ta farko ta hannu ce, fankarta cike da ƙura, ina tsakiyar shafa kala ta mutu ɗif. Kafin ka biya, a kunna ta rabin awa ka taɓa ƙasanta, ka zare caja ka gwada batir, tunda wutarmu sai a hankali.