Abokina Ya Ce Na Yi Ridda Don Na Ce Lokaci Yana Da Farko

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibin kimiyyar fiziks ne, ina aji biyu a jami'a a nan Sakkwato. An karantar da mu cewa lokaci ba tafiya ɗaya yake yi wa kowa ba, agogon da ke cikin abu mai tsananin gudu yana ja baya, kuma shi kansa lokacin yana da mafari. Da na faɗa wa abokin ɗakina sai ya ce na yi ridda, wai Annabi (SAW) ya ce Allah shi ne zamani, don haka wanda ya ce zamani yana da farko ya ce Allah yana da farko ke nan. Yau mako uku ba na samun barci, har Asuba ta sha wuce ni, kuma na daina shiga darasin. Shin na fita daga Musulunci? In bar karatun?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ba ka fita daga Musulunci ba, ko kusa. Gobe ka koma aji. Cikin duk abin da ka rubuto, wanda ya fi tayar mini da hankali Asubar nan ce da ke wuce ka, kuma zan dawo kanta.

Hadisin da abokinka ya kawo ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Huraira. Allah Maɗaukaki yana cewa: "Ɗan Adam yana cutar da ni, yana zagin zamani, alhali ni ne zamani, al'amari a hannuna yake, ina jujjuya dare da yini." Kuma abokin naka ba shi ya fara fahimtarsa haka ba. Ibn Hazm, babban malamin Andalus da ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya ƙirga "Addahru", wato "zamani" da Larabci, cikin sunayen Allah. Malami ne da ba a raina shi, amma a nan ya zame, kuma Ibn Kasir ya faɗi haka ƙarara a tafsirin Suratul Jasiya.

Ka karanta hadisin har ƙarshe, shi da kansa ya fassara kansa. "Ina jujjuya dare da yini." To mene ne zamani in ba dare da yini ba? Mai juyawa daban, abin da ake juyawa daban, kamar yadda mai daka ba shi ne taɓarya ba. Imamu Shafi'i da Abu Ubaid sun bayyana sababin maganar: Larabawan jahiliyya in fari ya same su ko mutuwa ta ɗauke musu wani, sai su tsine wa zamani, su ce shi ya yi musu. Zamani kuwa bai yi komai ba, Allah ne ya hukunta, sai zagin ya faɗa kan wanda ya aikata a haƙiƙa. Ma'anar "ni ne zamani" ke nan: abin da kuke jingina wa zamani, ni na yi shi.

Sannan ka duba aya ta 24 a Jasiya. Kafirai suka ce ba abin da ke halaka mu sai zamani, Allah ya mayar musu da cewa ba su da wani ilimi a kan haka, zato kawai suke yi. Da a ce zamani sunan Allah ne, ai da gaskiya suka faɗa, da ba a ƙaryata su ba. Ayar farko ta Suratul Insan kuma ta ce wani yanki na zamani ya shuɗe wa mutum bai zama abin ambato ba. Abin da ake yanka shi yanki-yanki, wani ya wuce wani ya zo, yaya za a ce shi ne Allah? Sunayen Allah mafiya kyau ne, kowanne yana ɗauke da siffa ta kamala, "zamani" kuwa sunan tsawon wa'adi ne kurum. Shi ya sa a garin nan ka ji Abdurrahman, ka ji Abdulƙadir, ba ka taɓa jin an raɗa wa yaro Abduddahri ba, ba ka kuma taɓa jin liman ya ɗaga hannu ya ce "Ya Dahru" ba. Kai, ko 'yan tsirarun magabatan da suka karɓi kalmar a matsayin suna, Madawwami marar farko suke nufi. Babu malami ɗaya da ya ce sa'o'i da mintocin da ke bugawa a agogon hannunka su ne Ubangiji. Wannan fahimta ita ce mai hatsari, ba taka ba.

Cewa lokaci halitta ne mai farko, wannan ai aƙidar Musulmi ce tun kafin a san fiziks ɗin zamani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi dogon yaƙi da masu falsafar da suka ce duniya ba ta da mafari, ya ce lokaci fararre ne, kuma kafinsa babu wani lokaci. Masana sararin samaniya na yau suna ƙiyasta shekarun sararin samaniya da duk abin da ke cikinsa da kusan biliyan 13.8. Adadin nasu ne, su gyara shi in awo ya canza. Mu abin da muka riƙe shi ne tana da farko kuma tana da Mahalicci.

Batun agogo ya ja baya kuwa, wannan abin awo ne, shari'a ba ta hana ba, ba ta wajabta ba. Masanin fiziks Newton a 1687 miladiyya ya ɗauka lokaci yana gudana bai ɗaya a ko'ina. Wani masanin, Einstein, a 1905 ya nuna gudu yana rage tafiyar agogo, a 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin jan da ƙasa ko rana ke yi shi ma yana rage ta. A 1971 aka ɗora agogon atom, wato agogo mai tsananin daidaiton awo, a jiragen sama na fasinja aka zaga duniya da su, da aka dawo aka tarar sun saɓa wa na ƙasa kamar yadda lissafi ya nuna. Taurarin ɗan adam na GPS, masu nuna wa waya inda take, da ke nisan kilomita kusan 20,000 daga ƙasa, inda ƙarfin jan ƙasa ya ragu, agogonsu yana riga namu da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya a kowace rana. In ba a gyara wannan ɗan bambanci ba, kuskuren nuna wuri zai kai wajen kilomita goma a yini guda. Abokin naka da ke buɗe waya yana neman alƙibla, da lissafin Einstein yake amfani bai sani ba. Gazali ɗin nan ya yi gargaɗi cewa wanda ya musanta lissafin kusufin rana da wata da sunan kare addini, addinin ya cutar. A nan gida ma Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya yi rubuce-rubuce a falsafa, ba wanda ya fitar da shi daga Musulunci.

Amma kada murna ta kwashe ka zuwa ɗaya gefen. Na ga samari da dama, da zarar sun ji wannan darasi sai su ɗauko ayar da ta ce yini ɗaya a wurin Ubangijinka kamar shekara dubu ne, ko shekara 309 na Ashabul Kahfi, su ce ga Einstein nan a cikin Alƙur'ani. Ni ban yarda da wannan ba. Barcin mutanen kogo mu'ujiza ce, ba gudun haske suka yi ba, kuma wanda ya ɗaure aya a jikin ra'ayin kimiyya, ranar da ra'ayin ya kwance zai shiga uku da imaninsa. Haka nan za ka ci karo da masu cewa jiya da yau da gobe duk suna nan a shimfiɗe, wucewar lokaci ruɗi ne, saboda haka mutum ba shi da zaɓi. Wannan fassarar falsafa ce da aka ɗora a kan lissafin, masanan ma ba su haɗu a kanta ba. Allah ya san gobe kuma ya rubuta ta, kai kuma za a tambaye ka abin da ka zaɓa.

Ainihin abin da hadisin ya hana yana bakinmu kullum: "tsinanniyar shekara", "Allah wadan wannan rana". Wannan haramun ne. Ba da labari kuwa, kamar ka ce zafin Afrilun bana ya yi tsanani ko shekarar ta zo da wuya, ya halatta. Annabi Luɗu ya ce wannan yini ne mai tsanani.

Abokinka kada ka ƙaurace masa, kishin addini ne ya rinjayi iliminsa. Ka nuna masa wannan amsa ku biyu kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ka tuna masa cikin ladabi cewa kalmar kafirci in aka jefa ta ga wanda bai cancanta ba, kan mai jifar take komawa.

Yanzu Asuba. Ita salla ba a ɗaure ta da agogon atom ba, da rana da alfijir aka ɗaure ta a inda kake tsaye. Agogon Sakkwato da na Maiduguri ɗaya ne, amma mutumin Maiduguri yana shan ruwa kusan rabin sa'a kafin kai, kuma babu wanda ya taɓa ruɗewa da haka. Duk abin da aka gano game da lokaci, alfijir zai keto maka a Dundaye ko Mabera, kuma salla ta hau kanka. Waɗanda barci ya rinjaye ka a kansu ka rama su in ba ka rama ba, babu laifi ga wanda barci ya ci ƙarfinsa. Sai dai tun da ka san zaman dare ne ke jawo haka, ci gaba da shi sakaci ne. Wannan juye-juyen tunani da ke hana ka barci waswasi ne, tsoron da ka ji kuma alamar imani ce. In ya taso ka nemi tsari, ka ajiye waya bayan Isha'i, ka ce wa abokin ɗakin naka shi zai riƙa tayar da kai. In rashin barcin ya ƙi tafiya bayan wannan, ka ga likita, ba abin kunya ba ne.

Wallahu a'alam.