Wuƙar aljihu ta gado tana tsatsa

Tambaya: Malam, na gaji wata wuƙar aljihu mai naɗewa daga mahaifina, an rubuta Douk-Douk a jikinta, kuma ita ce mafarin 'yan wuƙaƙen da nake tarawa. Da damina ta kama sai ta fara tsatsa. In adana ta ne, ko in ci gaba da amfani da ita? Daga mai karatu a Marwa.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Tun 1929 ake ƙera irin wannan wuƙa a garin Thiers na Faransa, kuma ta bazu sosai a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka. Bakinta na baƙin ƙarfe ne, shi ya sa take saurin kaifi a dutsen washi, shi ya sa kuma danshi ke cinta. A ganina kada ka kulle ta a akwati, domin wuƙar da ake yanka igiya da ɓare mangwaro da ita kullum ta fi samun kulawa. Ka goge tsatsar da toka mai laushi, ka busar da ita, sannan ka shafa mata ɗan man gyaɗa har cikin maɗaurin. Idan za ka hau jirgin sama daga Garwa, ka sa ta cikin kayan awo.