Ina da ciki, fitsari na yi mini zafi: in ci gaba da shan kiranberi?

Tambaya: Likita, cikina wata 6. Kwana 4 ke nan fitsari na yi mini zafi, jiya kuma kwiɓina ya fara ciwo da ɗan zazzaɓi. Ina tsoron ƙwayoyin asibiti saboda cikin, sai wata mai saida kayan mata a WhatsApp ta ba ni kiranberi, ta ce yana wanke sanyi. In ci gaba? Daga Bukoki, Yamai.

Amsa: Ƴar'uwa, yau ɗin nan za ki je asibiti, kada ki kwana. Ciwon kwiɓi da zazzaɓi alama ce cutar ta bar mafitsara ta hau ƙoda, kuma ga mai ciki hakan na iya tayar da naƙuda kafin lokaci. A yi miki awon fitsari, wanda ake rubutawa ECBU. Akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ba sa taɓa jariri.

Kiranberin kansa ba ƙarya ba ne. Ɗan tsiro ne mai rarrafe a fadamun ƙasashen sanyi, ganyensa kore duk shekara, furensa ja-ja, ana nomansa sosai a Wiskonsin ta Amurka da Kebek ta Kanada. Ƴaƴansa na da sinadarin da ke rage wa E. coli, ƙwayar cutar da ke jawo ciwon fitsari, manne wa bangon mafitsara. Iyakar aikinsa ke nan: yana ɗan rage dawowar ciwon ga matan da yake yawan komo musu. Ƙwayar da ta riga ta zauna ba ya kashe ta, kuma ga masu ciki ko rigakafin ma bai tabbata ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kalmar nan ce, "sanyi". Ƙaiƙayi sanyi, farin ruwa sanyi, cutar da miji ya kwaso sanyi, har yaron da ya yi wanka a kogin Kwara ya dawo da tsargiya, sanyi. Cuta huɗu, magani huɗu, amma mai talla kwalba ɗaya gare ta! Kullum sai na ga wadda ta yi sati biyu tana haɗiyar "na itace", sai an kawo ta ranga-ranga. Wai na itace ba ya cutarwa. To zaƙami ba itace ba ne? Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ko mai tsakuwar ƙoda ma sai da shawarar likita zai taɓa kiranberin.

Ki tafi da kwalin kiranberin da katin awonki. In amai ko rawar sanyi suka zo, ko da tsakar dare ne, sai asibitin haihuwa na Matanite Isaka Gazobi.