Jar tsutsa a cikin tarwaɗa: wace iri ce?

Malama, kin ce kin farke cikin tarwaɗa kin tarar da jar tsutsa a nannaɗe kamar zare, kina tambaya ko tsila ce. Ba tsila ba ce. Tsila fara ce, shimfiɗaɗɗiya, jikinta gaɓa-gaɓa, kuma galibi a hanji take zama. Wadda kika kwatanta mulmulalliya ce marar gaɓa, ta dangin tsutsar ciki, kuma kamanninta sun fi zuwa da wadda masana ke kira Eustrongylides.

Kifi zango ne kawai a wurinta. Sai tsuntsu mai cin kifi irin su zalɓe ya haɗiye shi sannan ta girma ta yi ƙwai, ƙwan ya koma ruwa ta kashin tsuntsun. Haka ma Clinostomum, 'yar rawayar nan mai kama da ƙwayar shinkafa da ake gani a karfasa, sai dai ita ta jikin dodon koɗi take bi kafin ta shiga kifi.

Launi kaɗai ba ya yanke hukunci. Masana sai sun duba bakin tsutsar da wutsiyarta a madubin likita kafin su ba da suna.

Ki cire ta, ki zubar da kayan cikin, kifin ya dahu har ƙashi. Yi wa kifi banda sama-sama ba ya kashe ta.