Ɗaukar Soja a Ƙasar Adar: Amsa ga Ɗana na Kano

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambaye ni abin da ya sa tsofaffin Tawa ba sa ba da labarin yaƙin Bama irin naku na Kano, da abin da ya sa mutane suka ɗaure fuska da ka ce duk wanda ya guje wa soja rago ne. Mu da muka zauna a nan, muka yi aure muka aurar, mun san maganar tana da nauyi, don haka bari in warware maka.

Ku Ingila ce ta mulke ku, mutanenku suka yi Kamaru a 1914, suka yi Bama a yaƙin Hitila. Nan Nijar kuwa Faransa ce, kuma tsarinta daban ne. Tun 1912 ta yi dokar ɗaukar soja na dole a Afirka ta Yamma, a 1919 ta mai da ita ta kowace shekara, wanda aka ɗauka ya yi shekara 3. Na san ku ma an matsa wa hakimai su kawo mutane. Amma a nan abin ya zama kamar haraji ne, sai dai da 'ya'ya ake biya.

Ga yadda ake yi. Kumandan, wato Baturen mulki, ya yanka wa kowane sarkin kanto, wato hakimi, adadinsa, sarki ya raba wa masu gari, dogarai su bi gida-gida. Ranar da aka tsayar, a tara samari a fili, a tuɓe musu riga, likita ya duba haƙora da ido, ya auna ƙirji da tsawo. Masu lafiya a jefa musu ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa a ba shi jar dara da kaki, uwarsa na tsaye daga nesa ba ta da ta cewa. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne, da wuya ɗan mai sarauta ko ɗan attajiri ya iso filin nan. Ɗan talaka, maraya, da wanda iyayensa bayi ne, su ake turawa. Har yau akwai gidajen da ba su manta wanda ya nuna ƙofarsu ba.

To, daga Tawa zuwa Birnin Konni ba wata tafiya ba ce, kuma da ka wuce Konni ka shiga ƙasar Sakkwato. Da an ji ƙishin-ƙishin za a zo ɗiba, samari su bi dare su tsallaka, wani lokaci gida guda ya tashi da tumakinsa. Wasu sun dawo da ƙura ta lafa, wasu can suka yi zuri'a. Mutumin da yake ganin shi kaɗai ne zai nome wa iyayensa gero, aka ce ya je ya mutu a sanyin da bai taɓa ji ba, don rigimar da bai san mafarinta ba, ni ba zan kira shi rago ba. Cikin mutanen da ka yi maganar a gabansu akwai jikokin irin waɗannan.

Yaƙin duniya na farko ma har gida ya same su. A ƙarshen 1916 Kawsan, jagoran Buzaye masu tawaye, ya yi wa sansanin Faransa na Agadas ƙawanya, ba a kore shi ba sai a watan Maris na 1917, kuma Turawan Najeriya sun aiko da sojansu taimako. Raƙuma da hatsin da aka yi wannan yaƙi da su daga hannun talakawa aka karɓe su. A 1918 Blaise Diagne, ɗan majalisa daga Senegal, ya zagaya yankin da alƙawura, aka ɗebi sama da mutum 60,000 a Afirka ta Yamma ta Faransa.

A 1939 aka sake buga gangar. Waɗanda aka kai Faransa sun ga faɗuwarta a 1940, da yawa suka ƙare a hannun Jamusawa. Daga nan Nijar ta koma ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta bi Jamus, har ƙarshen 1942, iyaka ta tsananta, ya zama ɗan Konni da ɗan Illela ta Najeriya, masu cin kasuwa ɗaya, wai suna ɓangarori biyu masu gaba.

Kada ka ɗauka ba a girmama waɗanda suka je. Ana girmama su ƙwarai. Shiga gidan jikan tsohon soja, za a buɗe maka akwatin ƙarfe a fito da littafin sojansa da ya yi ja don tsufa, da lambobin yabo a naɗe cikin ƙyalle. Janar Seyni Kountché, tsohon shugaban Nijar, shi kansa a sojan Faransa ya fara, ya yi yaƙin Indocin (yankin Vietnam) da na Aljeriya. Sai dai girmamawar tana tafe da ɗaci. A ranar 1 ga Disamba 1944, a Thiaroye kusa da Dakar, an harbe sojojin Afirka da suka dawo daga bursuna don sun nemi kuɗinsu. A 1959 kuma Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojan ƙasashen da ta mallaka, na Bafaranshe yana hawa, nasu yana nan inda yake. Sai a 2007 aka fara daidaitawa, lokacin mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Idan ka dawo da sallah zan kai ka wurin wani dattijo a unguwarmu da mahaifinsa ya je, baffansa kuma ya tsallaka Sakkwato. Ka gaishe shi da kyau, ka bar shi ya fara maganar da kansa.