Tambayi Baba Fasto: An goge sunana a littafin rai ne?

TAMBAYA: Baba Fasto barka da aiki. Ni ɗan Kaltungo ne amma yanzun ina Gombe ina gyaran waya. Na karɓi Yesu tun ina sakandare, aka mun baftisma a 2016, har jita nake kaɗawa a kwaya. Bara na faɗi, yarinyar da nake nema ta samu ciki, dattawa suka sa mu a horo, bencin baya nake zama bana cin jibin Ubangiji. Kwanan nan naje wani taron farkawa mai wa'azin yace duk wanda yayi irin nawa an goge sunanshi a littafin rai sai ya sake karɓan ceto daga farko, kawuna kuma yace wanda aka ceta an cece shi kenan har abada. Baba bana iya barci, wanne ne gaskiya?
Wani ɗan'uwa, Gombe

AMSA: Ɗana sannu. Ba kai ka fara rasa barci akan maganan nan ba, manyan malamai ma sun sha gardama a kai. Almajiran Kalbin da na Arminiyus, wasu manyan malaman tauhidi biyu na Turai, sun ja har saida aka zauna babban taro a garin Dort na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, taron ya tsaya akan cewa wanda Allah ya ceta zai riƙe shi har ƙarshe, amma gardaman bai mutu ba. Har yau yawancin 'yan Baftis suna wannan gefen, Metodis da Assemblies of God kuma suna koyar da cewa mutum zai iya juya baya ya rasa, kuma suma ba daga kansu suka ƙago ba, Ibraniyawa 6:4-6 suke riƙewa, ayoyi ne masu nauyi bana wasa dasu. To amma tunda ni ka tambaya bari in faɗa maka inda na tsaya.

Ka taɓa tsayawa wajen Tashan Dukku da yamma ka ga uba zai ƙetare titi da ɗanshi ɗan shekara uku? Keke napep ta nan, achaba ta can, yaron a ranshi gani yake shine ya riƙe baba, alhali in ka duba da kyau yatsun uban ne suka zagaye wuyan hannunshi gam. Yaron zai yi tuntuɓe, takalmi ɗaya ya cire, wani lokaci ma ya hango mai alawa ya nemi fizgewa, hannun dai na nan. Abinda Yesu ya faɗa kenan a Yohanna 10:28-29, yace yana ba tumakinshi rai madawwami, ba mai ƙwace su daga hannunshi, ba kuma mai ƙwace su daga hannun Uban. Hannu biyu fa. Kuma rai madawwamin da zai ƙare ranan da ka faɗi, ai wannan ba madawwami bane, haya ce. Afisawa 2:8-9 yace ta alheri aka cece ka ba ta aiki ba, to abinda ba kirkinka ne ya sayo ba ta yaya zai zama kirkinka ne ke biya mishi kuɗin wata?

Ayan da nake zaton mai wa'azin ya taɓa itace Ru'ya ta Yohanna 3:5, ka buɗe ka karanta da kanka, alkawari ne cewa ba za'a goge sunan mai nasara ba. Mu masu wa'azi (har dani, Allah ya gafarta mana) muna son mu juya alkawari ya zama bulala saboda mutane su fito gaba da yawa.

Duba Dauda. Nashi yafi naka muni, matan mutum ya ɗauka ya kuma sa aka kashe mijin. Da annabi Natan ya tone shi, a Zabura 51:12 me ya roƙa? Cewa yayi a mayar mishi da farin cikin ceto. Farin cikin ne ya gudu, kuma shine ya gudu a wajenka shi yasa kake juyi a katifa har asuba.

Amma kawunka ma kar ya sake baki da yawa. Akwai masu ɗaukan koyarwan nan kaman lasin, su kwana a gidan burkutu ranan Asabar da safe suzo suna an cece ni har abada, ko a jikinsu. Irinsu 1 Yohanna 2:19 ke nufi, sun fita daga cikinmu don dama can ba namu bane. Wanda zunubinshi baya damunshi shi nake ma tsoro, ba kai da ka rubuto mun da ƙarfe biyun dare ba.

Horo kuma ba kora bane, ba'a horon ɗan maƙwabci. Ka zauna a bencin bayan nan ka cika kwanakinka, kar ka gudu wata coci inda ba'a sanka ba kaman yadda samari keyi yanzun.

Sai abu ɗaya da ya ɗan ɓata mun rai a wasiƙarka, ka faɗa mun jita, ka faɗa mun jibi, amma baka ce komai akan yarinyar ba. Ina take? Wa ke kaita awo, wa ke biyan magani, ko ta riga ta haihu ma? Dauda an gafarta mishi amma abinda ya shuka saida ya girba a gidanshi. Ka ɗauki kawun nan naka mai ilimin tauhidi da dattijo ɗaya kuje gidan iyayenta satin nan, ku durƙusa ayi magana. Ka sake rubuto mun, ina so in ji sunan da aka sa ma jaririn.