Yaya maciji mai ƙaraurawa yake farauta cikin duhu?

Ka tambayi yadda macijin nan mai ƙaraurawa a wutsiya yake kai sara daidai cikin duhun dare. Ba da ido kaɗai yake aiki ba. Tsakanin idonsa da hancinsa, ta kowane gefe, akwai ɗan rami mai jin ɗumin jiki, da shi yake gano inda ɓera ya laɓe. Danginsa masu irin wannan ramin suna nahiyar Amurka da Asiya. Kasa da kububuwa 'yan'uwansu ne, amma ba su da ramin.

Kada ka dogara da ƙarar wutsiyar, ba kullum yake gargaɗi ba. In ya sari mutum, ban da tsaga wurin, tsotsa ko ɗaurewa tamau. A garzaya asibiti, can ake yin allurar kashe dafi.